Ranar da Baba Taswira Ya Tambayi Hanya

Duk wanda ya taɓa neman abinci a tashar manyan motoci ya san Baba Taswira, ko da bai taɓa shiga motarsa ba. Shi ne dogon direban nan mai ɗan gemu, wanda tun da ya kama sitiyari yana saurayi har ya ajiye shi da furfura, ba a taɓa jin ya sauke gilashi ya ce wa ɗan Adam "don Allah ina hanyar wuri kaza" ba. Sunan ma can ya samo shi. Abokan aikinsa suka ce mutumin nan ba ya buƙatar taswira, shi ne ita. Da farko tsokana ce, daga baya ya karɓe ta hannu bibbiyu, har in ka kira shi da sunansa na yanka sai ya waiga yana neman wanda ake nufi.

Kada kuma ka ɗauka allon hanya yake karantawa. Allo da lamba, a wurinsa, kayan 'yan koyo ne. Shi da mutane yake gane hanya. Zai ce maka, in ka wuce mai faci mai jar hula ka karya dama, ka miƙe sai ka ga matar da ke shanya kaya a kan katanga, daga nan ka rage gudu, akwai rami. In ka ce masa, Baba, in mai facin ya tashi fa? Sai ya yi maka kallon tausayi, ya ce allo yakan faɗi, fenti yakan goge, amma mai sana'a yana nan inda ka bar shi. Dabarar kuwa ta yi ta fisshe shi har ya tsufa, abin da ya ƙara masa taurin kai ke nan.

Matarsa, wadda kowa ke kira Uwar Nas saboda babbar 'yarsu ma'aikaciyar jinya ce, ba ta taɓa yin nisa da gida ba. Duniyar da ta sani a bakin mijinta ta gan ta. Duk dawowarsa, kafin ya cire takalmi, za ta ajiye masa ruwa ta ce, "To Direba, ba ni gari." Shi kuwa sai ya gyara zama ya ba ta, da gishirinsa. Gadar da mota ke hayewa cikin ƙiftawar ido sai ta zama wadda za ka yi barci ka farka ba ka kai ƙarshenta ba. Ta san yana ƙari, ya san ta sani, ba wanda ya taɓa tona wani.

Sai idanunta suka fara ba ta wahala. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma ya koma ganin dishi-dishi, tana gane haske da inuwar mutum, ba ta gane fuska. Nas, da ke aiki a wata ƙasa mai nisa, ta yi ta roƙo da naci har ta samo mata gurbi wurin wani likitan ido. Magana ɗaya ta maimaita musu a waya har ta gundure su: washegarin saukarsu da safe za a yi aikin, in suka rasa wannan gurbin sai an jira watanni, idon kuwa likita ya ce ba zai jira ba.

Tafiyar jirgi biyu ce. Na farko ya sauke su da sassafe a wani babban filin jirgi na wata ƙasa da ba su san kowa ba, na biyun kuma sai yamma ta yi. Kafin su baro gida Nas ta ce, "Baba, don girman Allah, in kun sauka ku nemi wuri ɗaya ku zauna. Kada ka ce za ka leƙa ko'ina. Na san halinka."

Ya ce, "Ke, ni yaro ne?"

Suka sami kujerun ƙarfe a jikin wani katon gilashi, kusa da wata tukunyar fure. Ya zaunar da ita, ya tura jakar hannunsu ƙarƙashin ƙafarta, ya sa mata gorar ruwa a cinya. Shi ma ya zauna, amma zaman bai kama shi ba. Ya tashi ya leƙa gilashi, ya dawo, ya sake tashi. Can nesa, bayan jiragen da ke jere, ana hango dogayen gine-gine cikin hazo.

Uwar Nas ta ce, "Direba, inuwarka na ta kai da kawo, har ka sa ni jiri. Me kake gani?"

"Gari ne can. Babba."

"Yaya yake?"

"Daga nan ba a ganin komai sai kawunan gidaje."

Ta murza murfin gorar. Can ta ce, "Duk garuruwan da ka ba ni, ban taɓa taka ko ɗaya ba. Yau ga ni a cikin wani, kuma zan bar shi ban san kamarsa ba. In aikin nan bai yi ba, shi ke nan, ko hotonsa ba zan gani ba." Ta juyo wajen da take jin numfashinsa. "Je ka gano min. Ka dawo da wuri. Ba sai Nas ta ji ba."

Gaskiya dai, ko rabin wannan ta faɗa ya ishe shi. Ya bar mata wayar, don a hannunta Nas za ta nema. Ya ce kada ta motsa daga nan ko wa ya ce ta tashi. Sannan ya dafa aljihun ƙirjinsa, ya ji takardu na nan, ya kama hanya. Tun yana yaron mota aka koya masa cewa direba ba ya sauka ya bar takardu a mota, hannunsa ya saba, bai ko tsaya ya yi tunanin na wa da na wa ke cikin aljihun ba.

Jami'in da ke bakin fita ya duba fasfonsa, ya buga hatimi, ya nuna agogon hannunsa yana wata magana. Baba Taswira ya gyaɗa kai irin na wanda ake gaya wa abin da ya daɗe da sani. A waje ya ga mutane na gangarawa wani rami inda jirgin ƙasa ke bi ta ƙarƙashin gari, ya ce Allah ya kiyaye, hanyar da ba a ganin komai ai ba hanya ba ce. Ya miƙa katin da Nas ta aiko musu aka ba shi tikitin yini, ya hau doguwar bas, ya zauna daidai bayan direba yana duba yadda yake shan kwana. Ya yanke masa hukuncin cewa ba laifi, sai dai yana saurin taka birki.

Bas ɗin na da lamba a goshi, tashar da ya sauka na da suna a allo. Bai kalli ko ɗaya ba.

Me zai kai shi kallon allo, ga kasuwa cike? Titi guda ne aka rufe, rumfuna hagu da dama, launi iri-iri. Daidai inda ya sauka akwai wata tsohuwa mai sayar da furanni ƙarƙashin lema ruwan ɗorawa. Ya ajiye ta a ka: ga tasha. Ya shiga ciki, ya karya dama wajen mai kifi, wani jibgege mai farar rigar aiki yana watsa ƙanƙara a kan kaya. Ya karya hagu wajen mai tsofaffin agogon bango, sannan dama kuma wajen wani mutum da ke zaune kan akwati yana busa sarewa, karensa kwance a gefe. Mai fure, mai kifi, mai agogo, mai sarewa. Ya maimaita sau ɗaya ya rufe, hanya ta zauna.

Daga nan ya saki jiki. Ya fita kasuwar, ya bi wasu lunguna da aka shimfiɗe da duwatsu, gidaje manne da juna, tagoginsu duk iri ɗaya. Ya tarar da kogi a tsakiyar gari, da gada, da ƙananan jiragen ruwa masu rufin gilashi suna wucewa ta ƙarƙashinta. Ya jingina da ƙarfen gadar yana tsara yadda zai ba da labarin. Kogin zai ninka faɗinsa. Karen mai sarewa zai ce shi ke karɓar sadaka da baki. Har ya ji dariyarta a kunnensa, ya yi tasa shi kaɗai, wata mata da ke wucewa ta ɗan matsa gefe.

Da ya ga rana ta yi tsaka, ya ce to, a koma. Ya bi lungunan ba tare da wata shakka ba, ya fito inda mai sarewa yake.

Ba mai sarewa. Ya ce ƙila ya tashi cin abinci, ya ƙara gaba neman mai agogo. Ba mai agogo, ba rumfa, ba lema, ba ko ɓawon ayaba a ƙasa. Wani faffaɗan titi ne a gabansa, jiƙe sharkaf, motoci na wucewa a kansa, wasu an jera su a gefe. Can ƙarshe wata motar shara mai burushi tana juyawa ta shige kwana. Kasuwar nan ta safe ce, ta ci ta tashi, an naɗe ta an loda a mota, an wanke wurin tas kamar kwano.

Ya tsaya. Ya ce a ransa ba komai, titin ai yana nan. Amma tituna biyar ne suka haɗu a wurin, kowanne da gidaje iri ɗaya da tagogi iri ɗaya, kuma kowanne da tashar bas a bakinsa. Ya zaɓi ɗaya ya bi, ya shinshina ko zai ji ƙarnin kifi, sai warin sabulu. Ya dawo ya bi na biyu, ya fito wani dandali da bai taɓa gani ba. Da ya juyo, mahaɗar ma ta ɓace masa. Ya ɗaga kai ya nemi rana don ya gane gabas, hadari ya rufe ta, har an fara yayyafi.

A nan ne ya sa hannu a aljihu, don kada takardu su jiƙe, ya zaro su zai mayar cikin riga. Fasfo biyu. Tikitin jirgi biyu. Da takardar asibiti mai hoton matarsa.

Ya sake ƙirga su. Da shi kaɗai ne ya makara, da sauƙi, a tura ta a keke a sa ta a jirgi, Nas ta tarbe ta, shi ya ji da kunyarsa. Amma ya fito da ita a aljihu. Ba inda za ta je sai ya koma. Ya tuna yadda ya bar ta, hannu a kan gorar ruwa, da yadda ya ce kada ta motsa, kuma ya san ba za ta motsa ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da birki ya ƙwace masa a gangare.

Mutane na ta wucewa da lemominsu. Ba abin da ya rage sai ya tare ɗaya. Ya nufi wani dattijo mai jaka, har ya buɗe baki, sai ya ji maganar ta maƙale. Abin dariya ne, amma haka aka yi: bakin bai san yadda ake fara ta ba. Dattijon ya ratse shi ya wuce. Ana cikin haka wani jirgi ya keto ƙasa-ƙasa ta saman gidaje, sai mutumin naka ya ce yawwa, ga alama, ya bi bayansa da sauri. Wai shi zai bi jirgin sama da ƙafa. Bai yi nisa ba titin ya ƙare a jikin wata doguwar katanga. Garin juyowa santsin duwatsu ya kwashe shi, ya zube a kan gwiwa, wando ya yage, hula ta faɗa cikin ruwa.

Ya tashi yana ɗingishi. Wannan karon ya tare wata budurwa, ya haɗa ɗan Turancinsa na tasha ya ce mata filin jirgi. Ta cire abin jin waƙa daga kunnenta, ta amsa da fara'a cikin harshensu, ta nuna can, ta lanƙwasa hannu, ta nuna ƙasa, ta ambaci wasu lambobi. Ya yi godiya bai fahimci ko ɗaya ba. Hasken rana na raguwa, fitilun shaguna sun fara fitowa a jikin titi mai ruwa.

A wata mahaɗa danja ta tsayar da motoci, wata bas ta tsaya daidai gabansa. Ba tasha ba ce, ya san direban kirki ba ya buɗe ƙofa a irin wurin. Duk da haka ya buga gilashin da tafin hannu. Direban mace ce, mai furfura, da tabarau a kan hanci. Shi da ya sha cewa a tasha mace da babbar mota sai dai a kujerar baya. Ta girgiza kai, ta nuna masa gaba.

Sai Baba Taswira ya ja da baya, a tsakiyar titi, cikin ruwa, ya ware hannayensa biyu ya karkata su kamar yadda yara ke wasan jirgi. Ya zaro fasfo biyun, ya buɗe na matarsa ya manna a gilashi, ya nuna hoton, ya rufe idonsa da tafin hannu. Sannan ya nuna kansa, ya kama sitiyarin da babu ya juya shi hagu da dama. Da Hausa yake magana. "'Yar'uwa, ni ma direba ne. Na ɓata. Don Allah ina hanya?"

Danja ta saki, na baya suka fara hon. Matar ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi gwiwarsa. Ƙofa ta buɗe.

Ba ta ce ya zauna ba, shi ma bai nema ba, ya riƙe ƙarfen da ke kusa da ita. Ta ɗauki abin magana ta yi 'yan kalmomi, aka amsa mata. Ta yi kwana biyu ko uku, bai ma san ta ina ba, karo na farko a rayuwarsa yana cikin mota bai san inda take bi ba. Can ta taka birki a bayan wata bas da har ta kunna sigina za ta tashi, ta danna hon gajere sau biyu. Waccan ta tsaya. Matar ta nuna masa ita da haɓa, irin yadda shi ma yake nuna wa fasinja mota a tasha. Ya rasa abin da zai ba ta, sai ya ɗora hannu a ƙirji ya rusuna, ta kaɗa masa hannu alamar ya yi sauri.

Hanyar komawa ta fi ta zuwa tsawo, ko kuma haka ya ji. Duk tsayawar da bas ta yi sai ya taka birkin da babu da ƙafar dama, yana roƙon Allah cikin ransa. A filin jirgi ga layi wurin bincike. Ya ɗaga tikitin sama yana nuna wa na gabansa, wasu suka matsa, wasu suka yi kamar ba su gani ba. Aka sa ya cire takalmi da bel, ya wuce, bai tsaya mayar da bel ɗin ba, ya riƙe wando da hannu ɗaya yana gudu yana ɗingishi har ya hango tukunyar fure.

Kujerar ba kowa. Gorar ruwa ce kawai a ƙasa, ta gangara ƙarƙashi.

Ya kira ta da sunan da bai kira ta da shi ba tun suna amarci, mutane suka juyo. Wani mai goge ƙasa ya dube shi, ya dubi tikitin da ke hannunsa, ya nuna masa wani dogon baranda, ya yi alamar tura keke. Baba Taswira bai yi gardama da kwatancen ba.

Ƙofar shiga jirgin tana can ƙarshe, kujerun gabanta duk an watse. Saura ma'aikata biyu da keken marasa lafiya, da Uwar Nas a tsaye, ta ƙi zama, ta kama gefen kantar ma'aikatan da hannu biyu. Wayar na kan kantar, muryar Nas na fitowa tana roƙonsu cikin kuka. Ashe da Uwar Nas ta ji shiru ya yi yawa, ta miƙe ta cafke hannun rigar mutum na farko da inuwarsa ta gifta, ta yi ta yi masa Hausa har ya kira ma'aikata, ta sa aka kira mata 'yarta. Ita tambaya ba ta taɓa yi mata nauyi ba. Yanzu kuma ta kafe cewa ba mai rufe ƙofar nan, mijinta na hanya, bai taɓa ɓata ba.

Ta ji takunsa kafin kowa ya gan shi. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce ina ka tsaya ba. Hannu ta miƙo. Ya ɗora mata takardun, ta laluba ta miƙa wa ma'aikaciyar da kanta. Da aka dawo da su ta cusa cikin jakarta ta ja zif. Daga wayar Nas ta ce, "Baba, za mu yi magana," ya ce to.

Su ne na ƙarshe da suka shiga. Sai da jirgi ya daidaita a sama, aka kashe fitilar ɗamara, sannan ta juyo.

"To Direba, ba ni gari."

Ya nemi kogin da ya ninka, da karen da ke karɓar sadaka, ya ji ba ya iyawa. Ya ce, "Akwai wata kasuwa, titi guda cike, da mai fure da mai kifi. Na juya baya, kafin in dawo an naɗe ta an tafi da ita, an wanke wurin. Na ɓata, Uwar Nas. Na tsaya a tsakiyar titi na ware hannu ina wasan jirgi, wata mace mai tuƙa bas ta nuna min hanya."

Ta yi 'yar dariya. "Kai dai ba ka gajiya. Wannan kam gishirin ya yi yawa. Kasuwa a naɗe kamar tabarma? Kai kuma ka tambayi hanya?"

Ya gyara zaman ƙafarsa. Ta kai hannu za ta ɗan buge shi a gwiwa yadda ta saba, sai yatsunta suka faɗa cikin yagar wandon, suka taɓa jinin da ya bushe. Ta laluba sama ta kama hannunsa. Dariyar ta tsaya. Ta daɗe riƙe da shi.

Can ta ce, "In Allah ya sa aka buɗe min idon nan gobe, a dawowa mu fita tare. Kai ka riƙa duba mutanenka, ni in karanta mana allo."

Ya ce to. Ta jawo bargon jirgin ta rufe masa gwiwar.